Tambayi Mai Gyara: Inji Yana Ta Juyi, Kaya Sun Ƙi Bushewa

Tun da watan Agusta ya kama, wasiƙun da ke shigo mini suka koma kan abu guda. A Yamai yanzu in ka shanya kaya da hantsi, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, sai masu injin busar da tufafi su tuna suna da shi. Wata takwas yana jingine a magaza yana shan ƙura, rana ɗaya a kunna shi a ce ya yi aiki kamar sabo. Na zaɓo wasiƙu huɗu.

Daga wata uwar tagwaye, unguwar Yantala: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya sayo mini injin busar da kaya na hannu, cikin waɗanda ake kawowa daga Turai, mai tankin ruwa daga sama. Bara awa ɗaya da rabi ya gama. Bana da na haihu nake buƙatarsa sosai, sai ya yi awa uku yana juyi, in buɗe in tarar da kayan yara da ɗumi amma da danshinsu. Wani yaro mai gyara ya ce rezistans, wato ƙarfen da ke kawo zafi, ta ƙone, a sayi sabuwa. In saya?

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya tagwaye. Kada ki saya tukuna. Ke da bakinki kin ce kayan suna fitowa da ɗumi, kuma da rezistans ta mutu gaba ɗaya da sanyi ƙalau za su fito. Injinki numfashi ne ya toshe masa.

Mutane suna ɗauka zafi ne ke busar da kaya, alhali rabin aikin na iska ne. Kin san zanen da aka shanya a inuwa ranar iskar hunturu ya fi saurin bushewa a kan wanda aka rataya cikin ɗaki rufe a watan Afrilu. Haka injin yake: rezistans ta ɗumama iska, iskar ta ratsa kaya ta kwashi danshi, sannan dole ta sami inda za ta sauke shi. In hanyar ta cushe, danshin nan ne zai riƙa kewaya cikin ganga har gari ya waye.

Fara da rariyar da ke bakin ƙofa. Kowa ya san ana cire audugar da ta taru a kanta, amma kaɗan suka san ana wanke ta. Ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya yana barin wani danƙo da ido ba ya gani. Ki zuba mata ruwa: in ya tsaya a kai bai wuce ba, to iska ma ba ta wucewa. Ruwan ɗumi, sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Daga nan ki durƙusa. Can ƙasa akwai ƴar ƙofa, bayanta akwai wani dogon akwati mai faranti-faranti na alminiyom da ake zarowa kamar aljihun tebur. A nan tururi ke komawa ruwa kafin ya hau tanki. Na rantse da yawa daga masu injin nan ba su taɓa buɗe wurin ba. A Turai auduga kawai ke taruwa ciki. A nan kuwa auduga ce, da jar ƙurarmu, da danshi, su haɗu su zama yaɓe kamar na ginin rumbu. Kwanan baya a Banifandu abin da na kankaro daga inji ɗaya ya kusa cika tiya, maigidan yana tsaye yana salati. Ki zaro shi, ki kai bakin famfo, ki bi shi da ruwa ta kowane gefe har sai kin hango haske ta tsakanin farantan, ki bar shi ya tsane kafin ki mayar.

Sai wurin da aka ajiye shi. Irin naki da iskar ɗaki yake sanyaya tururin, kuma masu ƙera shi sukan rubuta a littafinsa cewa ɗakin kada ya wuce digiri 35. Ƙaramar magaza mai rufin kwano, ƙofa a kulle, ga injin kansa yana fitar da zafi, ai ta wuce haka ko da damina. A fito da shi baranda inda ruwa ba ya dukansa, ko a bar ƙofa da taga a buɗe.

Tambaya biyu gare ki. Da hannu ake wanki? Matsar hannu, ko ta ƙato ce, ba ta kai injin wanki mai juyi 1000 ko 1200 a minti ba, kuma kowane ɗigon da aka bari kuɗin wuta ne. Sannan ƙarfe nawa kike kunna shi? An yi shi ne don wuta mai ƙarfin volt 230. Da magariba, in unguwa duk ta kunna kilim da firigo, wutar takan faɗi. In ta sauka 180, rezistans mai wat 2000 abin da za ta bayar bai fi 1200 da ɗan kai ba. Gwada shi da sassafe ki ga bambanci.

In duk kin yi wannan bai canza ba, sai a kira yaron, amma ya zo da mita ya auna a gabanki, bayan ya zare wayar daga pirizi. Rezistans mai wat 2000 tana nuna wajen om 26. Wasu kashi biyu ce, rabi ya mutu rabi yana aiki, shi ma yana kawo ɗumi maras ƙarfi, kuma a nan ne kawai zan ce yaron ya yi gaskiya.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kusa da rezistans akwai wasu ƴan ƙarafa masu kama da maɓallin riga, mu muna ce musu kilikson. Aikinsu su yanke wuta in zafi ya yi yawa. Wasu suna da jan maɓalli da ake dannawa su dawo, wasu in sun yanke sai canji. In kika ji mai gyara ya ce "bari in haɗe shi kai tsaye kafin a samo wani", ki tsayar da shi. Ni ma na taɓa yin wannan gangancin ina ɗan koyo, a wani gidan wanki da ba zan ambata ba, don patoro yana gaggawa baƙi suna jiran tawul. Kwana uku aka yi. Allah ya sa mai gadi ya ji ƙauri da wuri, tawul goma sha wani abu da bayan injin kawai suka tafi. Auduga busasshiya kusa da jan ƙarfe ba ta jiran kowa. Har yau in na bi ta layin ina sauke kai.

Daga mai gidan saukar baƙi, Tawa: Malam, namu in an kunna sai ya yi ta gurnani ganga ba ta motsi. Yarona ya gano in ya juya gangar da hannu ya rufe ƙofa da sauri, sai ta tashi. Sati uku ke nan haka muke yi. Motar da ke juya gangar ce ta mutu?

Alhaji, motar tana da rai, amma ku kuna kan hanyar kashe ta. Wannan alamar kondansater ce, ɗan gwangwanin nan fari ko na ƙarfe da ke kusa da mota, wanda ke ba ta turin farko. Irinsa ne ke mutuwa a fanka har sai an juya ta da sanda. Duk gurnanin da take yi a tsaye, waya ce ke gasuwa a cikinta, kuma naɗin mota ya ninka kuɗin kondansater nesa ba kusa ba.

A jikinsa an rubuta ƙarfinsa, galibi tsakanin mikrofarad 7 da 10, volt 450. A kwance tsohon a kai wa masu naɗin mota da gyaran famfon ruwa, a sayi mai lamba ɗaya da shi. Wanda zai kwance ya sani yana iya riƙe wuta ko bayan an zare waya, sai an haɗa bakinsa biyu da sukudireba mai marikin roba tukuna.

Tunda za a buɗe, a duba kurwa, wato bel ɗin da ya zagaye ganga. Da ita ce ta tsinke, da za ku ji mota tana gudu sumul, gangar kuma in an taɓa ta da yatsa ta yi ta juyi sakayau. In ta fara tsagewa a canza ta yanzu. Lambarta tana jikinta, kamar 1930 H6 ko 1975 H7: na farko tsawonta ne a milimita, na biyu yawan layukanta. In babu a Tawa, sa tsohuwar a leda ka ba ɗan'uwa mai zuwa Yamai ya zaga Katako. Tafiyar ta wuce kilomita 500, kada a yi ta a kan "kamar irin wannan ce". Kuma a ɗauki hoton yadda ta bi ta kan ƴar tayar da ke ɗaure ta kafin a cire. Na ga manyan masu gyara sun yi gumi a wurin nan.

Daga wani ma'aikaci, unguwar Lazare: Yayana da ke Amurka ya aiko mana da babban inji cikin kwantena. Kan wayarsa ƙato ne mai ƙafa huɗu, ba ya shiga pirizinmu. Mai wuta ya ce zai yanke kan ya haɗa. Ya halatta?

Ƙanena, kada ya yanke. Wutar gidajen Amurka daban take: layi biyu ne masu 120 kowanne, su haɗu su ba da 240. Rezistans tana cin 240, mota da agogon injin kuma 120 suke so, a bugu 60 cikin daƙiƙa, mu kuma namu 220 ne a bugu 50. In aka haɗa kai tsaye, mota da agogo za su tafi nan take. Ko an sa musu taransifoma, motar za ta yi gudu ƙasa da yadda aka tsara ta, iska ta ragu. Ga shi yana jan wat 5000 ko fiye, can ma layinsa daban ake ja masa mai ampa 30. Kwantar gida ta talaka ba ta ɗauka. In kuma mai gas ne, ramin wutarsa na gas ɗin bututu ne, ba na butalin da muke girki da shi ba, haɗa shi haka haɗari ne. Ka gode wa yaya, ka nemi mai gidan wanki da ke da babban layi ka sayar masa.

Masu na Turai ma su ji: wat 2500 ya haura ampa 11. Pirizinsa shi kaɗai, mai ampa 16, da waya mai kaurin 2.5, da layin ƙasa. Ralanjin nan na kasuwa mai baki huɗu narkewa yake yi.

Daga wani dattijo, Tawa: Ɗana, ranar Adar da ke gasa ƙwai a kan dutse, me ake yi da injin shanya in ba almubazzaranci ba?

Baba, wata tara cikin goma sha biyu kai ke da gaskiya, ni kaina a gidana igiya ce daga bishiyar dogon yaro zuwa ƙusa. Amma mai jego da tagwaye, da mai ɗakuna ashirin da zai shimfiɗa zanen gado kafin la'asar, ba za su jira hadari ya wuce ba. Abin da zan roƙa ka faɗa wa jikoki shi ne shaddarka kada ta shiga injin, zafi da gurzar ganga suna cinye ƙyallinta, mai bugu kuma ba zai iya dawo da shi duka ba. Haka rigar makanike da ta sha isansi ko baƙin mai, ko an wanke ta, a kai ta igiya.