Ɗana ya daina wasa, wai ya ƙosa ya girma

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a Aboabo, Kumasi. Ɗana shekararsa 9. Da shi ne sarkin wasa a gidanmu: ya ƙera mota da gwangwanin madara, ya jera ƙannensa a benci wai fasinjoji ne, har wani aboki gare shi da ba mai gani sai shi, sai da kakarsa ta sa aka yi masa addu'a. Tun da kasuwar babansa ta ja baya bara, ya watsar da komai. Yanzu maganarsa ɗaya, ya ƙosa ya girma ya ja pragya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ya biya mana kuɗin haya. Hankali ne ya zo masa, ko da abin damuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara cire abokin nan daga ranki, shi ne mafi sauƙi a cikin zancenki. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon a Amurka da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2004 da ya nuna kusan kashi 65 cikin 100 na yaran da suka bibiya sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7, kuma yawanci yaro ya san da kansa cewa wasa yake. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, amma ba ciwo aka yi wa magani ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, sai ya yi dariya.

Raguwar wasan kwaikwayo a shekarunsa ma daidai ne. Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, ya lura cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 tunanin yaro yana komawa kan abin da ke da ƙa'ida da lissafi. Shi ya sa dokin kara da tuwon ƙasa suke ba da wuri ga ƙwallo, ludo, da ampe a wajen 'yan mata. Sai dai wasan sauya kama yake yi. Naki ɗan ya ajiye shi gaba ɗaya, kuma kin san watan da ya ajiye.

A nan nake so ki sake sauraron maganarsa. Kowane yaro yana ɗokin girma. In ya ce zai zama direba, sitiyari yake so, da hon, da a gan shi a gaba. Ɗanki kuwa kuɗin haya ya ambata. Yaro ɗan shekara 9 bai san haya ba sai in ya ji ta. A gidajenmu na Zango ɗaki ɗaya ne da labule, iyaye suna lissafi cikin dare suna zaton yara sun yi barci, mai gida kuma ya tsaya a tsakar gida yana neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, kowa yana ji. Yaro a wannan shekarun ya iya lissafin da zai gane kuɗi ba su isa ba, amma bai kai ya gane cewa kasuwa tana faɗuwa ta tashi ba. Sai ya sa kansa cikin lissafin. Za ki ga irinsa ya ce ya ƙoshi alhali bai ƙoshi ba, ko ya ɓoye cewa takalmin makarantarsa ya yage.

Mu kuma sai mu yaba, mu ce yaron nan ya yi hankali, dattijo ne. Wannan yabon yana ba ni tsoro, domin yana koya wa yaro cewa darajarsa tana cikin damuwar da ya ɗauka. Addini ya ce an ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga. Dokar Yara ta Gana ta 1998 ma ta sa shekara 13 kafin aiki mara nauyi, 15 kafin a ɗauke shi aiki, 18 kafin aiki mai haɗari. Aike da shara da ɗiban ruwa tarbiyya ce, yana gamawa ya tafi wasansa. Tunanin haya ba ya ƙarewa, da shi yake kwana.

Kada ki ce masa babu komai, ya riga ya ji, kuma zai daina yarda da maganarki. Babansa ne ya fi dacewa ya zaunar da shi, su biyu, ya ce masa: "Gaskiya ne kasuwa ta yi sanyi. Amma haya nauyina ce, ni da mamanka mun san abin da muke yi. Naka karatu ne." Sau ɗaya ba zai isa ba, a maimaita. Sannan ku fitar da zancen kuɗi daga ɗakin da yake kwana.

Kada kuma ki tilasta masa komawa gwangwani, abin da ya sani ya riga ya sani. Ki bi ta inda ransa yake. Tunda mota yake so, wani kawunsa ya kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wata Asabar ya ga yadda ake kwance inji a ɗaura, ya dawo ya nuna wa ƙannensa. Ki roƙe shi ya ƙera wa ƙaramin cikin ƙannensa mota, domin yaron da yake jin ya girmi wasa yakan koma masa cikin sauƙi in an ce koyarwa zai yi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi da wasa. In shirun nan ya zo da fitsarin kwance bayan ya daina, firgita cikin barci, ƙin abinci, ko tsoron wani mutum ko wani wuri takamaimai, to kada ki ɗora komai a kan haya. Wani lokaci yaro yana ƙosawa ya girma ne don wani babba yana cutar da shi. Ki tambaye shi a keɓe, ba faɗa, ba rantsarwa, ki kuma ji ta bakin malamansa na boko da na makaranta. In alamun suka ɗauki makonni ba sauƙi, ki kai shi asibitin da ke kusa da ku, su za su tura ku babban asibitin Komfo Anokye in akwai buƙata.