Hajiya ki bar maganar bashi tukuna, gyara kayen kayanki

Wata Hajiya mai butik kusa da Kasuwar Dole ta rubuto min. Abaya take saidawa da hijabai da takalman mata, wasu daga Kano take saro su wasu kuma ana aiko mata daga Dubai. Ta ce hotunan kayanta a WhatsApp sun kusa 300, ƙanenta ne ke sa su, amma kullum rigima, mutum ya turo kuɗi daga Yamai ko Agadas sai a duba a ga kalar da yake so ta ƙare ko lambar ba ita ba ce, ga ciniki ana yi amma riba ba ta ganuwa. Tambayarta, ta ci bashin miliyan 2 ta buɗe shafin intanet kamar na manyan kamfanoni ko kuwa?

Hajiya kar ki ci. Wallahi ko miliyan 10 aka ba ki yau, wannan rikicin za ki kwasa ki kai intanet, sai dai masu zaginki su ƙaru. Ciwonki guda ne, ba ki raba abin da yake na samfuri da abin da yake na kala da abin da yake na lamba ba, kin haɗe su duka cikin hoto ɗaya da rubutu ɗaya, kuma kin bar wa yaro.

Masu manyan shagunan tufafi hawa uku suke jera kaya, kuma abin kamar gado ne, uwa da 'ya'ya da jikoki. Uwa ita ce samfurin, a ce abaya mai buɗaɗɗen gaba ta yadin nida, ki ba ta nimero A12. Duk abin da yake gaskiya a kan kowace abaya ta wannan samfurin nan ake rubuta shi, sau ɗaya tak: irin yadi, ɗinki, inda aka saro, wa ya sayar miki, yadda ake wanki, da kuɗin da aka saba sayarwa. Ƙarƙashinta kaloli, A12 baƙa, A12 ruwan toka, A12 ruwan ƙasa, su ba sai an sake rubuta musu yadi ba sun gada, abin da kala ke da shi nata na kanta shi ne hoto. Can ƙasa kuma lamba, 54, 56, 58, wanda a abaya tsawo ne daga kafaɗa zuwa ƙasa, kuma a nan kaɗai ake rubuta guda nawa suka rage.

Ki lura da wannan sosai don nan kike faɗuwa. Yadi yana sauka daga sama zuwa ƙasa, kuɗi ma yana iya sauka, amma adadi ba ya sauka har abada, shi daga ƙasa yake hawa. In ƙanenki ya ce "A12 akwai 20" bai gaya miki komi ba, ashirin ɗin nan wataƙila 14 duk lamba 52 ne da ba mai nema, baƙa 56 da kowa ke tambaya kuma babu ko ɗaya. Shi ya sa kike karɓar kuɗin mutane a kan kayan da ba ki da su, ki dawo kina ba da haƙuri kina biyan kuɗin mayarwa daga aljihunki.

Sai maganar riba da kika ce ba kya gani. Bari in yi miki lissafi sama-sama. A ce A12 tana tsaya miki jika 9 har ta iso Damagaram, kina saidawa jika 12. To cikin kalolin akwai baƙa mai duwatsu a hannu wadda ta tsaya miki jika 11 da rabi. Yaro ya kwafi rubutun 'yar'uwarta ya manna mata, ta gaji jika 12. Ita ce kuma ta fi tafiya. Kin saida 40 kina murna, ribar kowace dala ɗari, kuɗin leda da ɗan kabu-kabu mai kaiwa tasha sun cinye, ke kuma a ranki kina lissafin jika 120. Irin wannan ɗiyar da ta saɓa wa uwa dole a rubuta mata kuɗinta daban a ja layi da jan bik, kuma ranar da naira ta motsa kika ƙara wa uwa kuɗi ki tuna masu jan layi ba sa bi, sai kin koma kansu ɗaya bayan ɗaya.

Na san wani mai shadda a Zango da wannan kwafe-kwafen ya kusa rufe masa shago. Yana da Getzner ta gaske, ta Ostiriya, yana kuma da 'yar Sin mai sauƙin kuɗi, duka halal ɗinsa yake saidawa. Ɗan yayarsa ke riƙe da waya, ya ga rubutun farko ya yi kyau sai ya bi duk hotunan shadda ya manna, har da kalmar Getzner. Wani ya yi odar ta biki daga nesa, tela na taɓawa ya ce wannan ba ita ba ce. Mutumin nan bai yi niyyar cutar kowa ba amma sunan macuci ya bi shi cikin dangin ango kaf, kuma ciniki irin namu ai da baki yake tafiya. Da tun farko shaddojin nan biyu uwa daban-daban aka ba su, kalmar ba ta da hanyar da za ta bi ta tsallaka.

Kuma ban ce ƙanenki mugu ba ne. Shi hoto ya sani da yawan masu kallon status, bai je Kantin Kwari ya yi ciniki ba, bai san wace ce ta fi wace tsada ba. Ke kika sani, kuma sanin yana cikin kanki kawai, ranar da kika yi tafiya shagon ya makance. Shafin uwa a cikin kaye ke za ki rubuta da hannunki, shi aikinsa ya rage adadi duk sanda aka saida, in ya taɓa kuɗi ko sunan yadi ba da izininki ba ki karɓe wayar.

Na san za ki ce aikin ya yi yawa, samfuri ɗaya mai kala 4 da lamba 4 layi 16 ke nan. Eh haka ne. Amma ba wanda ya ce ki rubuta abin da ba ki saro ba, kuma layin jikokin, wato lambobi, gajere ne, nimero da adadi kawai tunda sauran duk ya gada. Takalma ma haka, samfuri, kala, sai 37 zuwa 41. Hijabin da ba shi da lamba hawa biyu ya ishe shi, kar ki ƙirƙiro masa na uku don dai tsari ya yi kyau.

Ki sayi babban kaye gobe, samfuri ɗaya shafi ɗaya, ki fara da goma da suka fi tafiya, ki rufe butik rabin yini ku ƙirga da hannu. A WhatsApp ɗin kuma kowane hoto ya ɗauki nimeronsa da lambobin da suka rage, wanda ya ƙare a ɓoye shi a ranar. In kin yi wata biyu adadin kaye yana dacewa da na kayan da ke cikin butik, ki sake rubuto min mu duba maganar intanet, lokacin ma mai haɗa miki shafin intanet ɗin, wannan kayen zai fara tambaya.