Lambu da Gona: Yaushe za a ba yaro fartanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida da nake shuka alayyafo da kuɓewa. Yarana biyu, mai shekara 6 da mai 10, kullum suna damuna sai sun taya ni. Wane kayan aiki zan ba su, wane zan hana su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki bar su su taya ki, amma kowa da abin da ya dace da hannunsa. Mai shekara 6 ya fara da ban ruwa da tsinke ciyawa da hannu. Ki ba shi buta mai cin lita 2, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kin ga ke nan butar manya mai lita 10 ta fi ƙarfin bayansa.

Mai shekara 10 ya isa fartanya, amma tasa ta kansa. Ki sa maƙeri ya ƙera masa ƙarama, mai siririyar ƙotar da yatsunsa za su zagaye. Fartanyar babba tana rinjayar yaro, sai ya sara inda bai nufa ba, galibi yatsan ƙafa. Ki nuna masa ya buɗe ƙafafu, ya sara a gabansa yana janyo ƙasa, kada ya ɗaga ruwan fartanyar sama da kansa. Tsakaninsa da ƙanensa a bar taku 3. Takalmi rufaffe dole ne, saboda sara da kuma kunama. Lauje sai ya ƙara girma, adda da gatari kuwa a ɗage su inda hannu ba ya kai. Maganin feshi kada yaro ya taɓa ko kusa, kuma don Allah kada a juye shi a kwalbar lemo.

Tambaya: Ina koyar da aikin gona a firamare. Fartanyoyinmu da manjagara duk sun yi tsatsa, wasu ruwan yana girgiɗi. Ko in bar su a dakushe don kada ɗalibai su ji ciwo? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, dakusasshiyar fartanya ta fi haɗari. Ba ta shiga ƙasa, sai yaro ya sa ƙarfi, ta zame. Kai za ka wasa ta da magagari, su suna kallo. Nasu aikin shi ne minti 5 na ƙarshen darasi: kankare laka da ɗan itace, goge ƙarfen ya bushe, shafa mai kaɗan da tsumma, a rataye a inuwa. Laka mai danshi ce ke jawo tsatsa. Manjagara in an ajiye, haƙoranta su kalli ƙasa.

Girgiɗin kuwa yawanci aikin hunturu ne, itace ya bushe ya tsuke, ramin ƙota ya saki. Jiƙa ƙota a ruwa dabarar kwana biyu ce, da ta bushe matsalar ta dawo. Wadda ke motsi a ware ta sai maƙeri ya gyara, domin ruwan na iya ficewa ya sami wani.

In yaro ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, kada a tura ƙasa ko toka. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zama, don haka rauni mai zurfi a kai shi asibiti ranar, a duba batun allurar riga-kafi.