Tambaya da Amsa: Dukanci a Gida

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan fata suka zo, daga masu son koyon dukanci don nishaɗi bayan an tashi aiki. Mun haɗa masu kama da juna, mun zaɓi guda shida.

Ni ma'aikaci ne, ina so in fara ɗinka ƙananan kaya kamar walat da jakar waya. Kayan aikin da nake gani a intanet sun fi ƙarfin aljihuna. Me ya zama dole in saya? (Mai karatu daga Zariya)

Malam, dukawan da suka ɗinka gafaka da kube da zabira shekaru aru-aru ba su san waɗannan akwatunan kayan aiki ba. Abin da ba makawa sai da shi bai kai goma ba: basilla mai tsini, allura biyu masu kauri, aska ko reza mai kaifi, rula ta ƙarfe, katako mai laushi na yanka a kai, zaren nailon mai kauri kamar milimita 0.6 zuwa 0.8, kakin zuma, gam irin na masu gyaran takalmi, da ɗan sanfefa. Allurar ka dasashe bakinta a kan dutse, domin ba ita ke huda ba, basilla ke yi. Allura mai tsini zare take tsagawa.

Kada ka fara da walat mai aljihu shida. Fara da gidan kati. Katin banki tsawonsa milimita 86 ne, faɗinsa 54. Yanki fata biyu masu santimita 10 da 7, ka ɗinke gefe uku, ka bar ɗaya daga dogayen gefen a buɗe. Rarar nan da ka gani ita ce wurin ɗinki da kaurin katunan. Ka fara zana fasalin a kwali ka gwada da katin, don kwali ba ya tsada. A Kano, Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi ba a rasa fata, kuma ka tambayi guntayen da suka rage wa masu takalma, da su ake koyo. Tunda kana Zariya, cibiyar fasahar fata ta tarayya, NILEST, tana nan Samaru kusa da kai in kana son karatun abin sosai.

Na sayi fata mai laushi, mai kyan gani. Na shafa mata rini ya ƙi kamawa, na buga mata ado ya ɓace washegari, gefenta kuma ya ƙi yin santsi. Mene ne laifina? (Mai karatu daga Kano)

Ba hannunki ba ne, Malama, fatar ce. Jima iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta gargajiya da ake yi da bagaruwa, akwai ta kamfani da ake yi da sinadarin kuromiyam. Ta kamfani tana da laushi, ba ta tsoron ruwa sosai, kuma yawanci an riga an rina ta an rufe fuskarta da fenti, shi ya sa rininki ya tsaya a sama. Ba ta riƙe tambari domin tana komawa yadda take kamar soso. Ta bagaruwa kuwa tana shan ruwa, in an jiƙa ta aka danna mata siffa sai ta bushe da ita. Duk adon da kike gani a jikin tim-tim da kube a kan irin wannan fatar ake yin sa.

Ga yadda za ki gane su tun a gaban mai sayarwa. Ki ce ya yanko miki ɗan ƙyalle daga wajen ƙafa, ki dubi tsakiyar yankan. In ya yi toka-toka mai ratsin shuɗi, ta kamfani ce. In ya yi ruwan ƙasa mai haske daga sama har ƙasa, ta bagaruwa ce. Wani lokaci rini yakan ratsa ta kamfani har ciki ya ɓoye shuɗin, to sai ki ɗiga ruwa a fuskarta: ta bagaruwa za ta shanye nan take wurin ya yi duhu. A gida kina iya ƙona guntun, tokar ta kamfani takan yi kore-kore. In kuwa ya narke yana warin roba, ga kuma yadi manne a bayansa, leda aka sayar miki.

Don ƙananan kaya, ki nemi fatar akuya. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi su ne fitattu, fuskar fatarsu a tsuke take kuma tana da ƙarfi duk da sirantarta, wadda ba ta cika wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Ta tunkiya ta fi laushi amma tana saɓulewa kuma tana yagewa a bakin ɗinki, sai dai a yi shafi da ita daga ciki. Bel da maratayin jaka kuwa sai ƙirgi, wato jemammiyar fatar shanu. Ki ɗaga fatar ki duba ta a hasken rana kafin ki biya, wuraren da wuƙar mai fiɗa ta zarce za su nuna haske, ƙarzunan ƙaya da na kaska kuma a fuska ake ganinsu.

Ɗinkina yana fitowa a karkace, gaba daban baya daban, kuma bayan wata biyu jakar ta saki ta miƙe gefe ɗaya. (Mai karatu daga Gusau)

Matsala biyu ce ka haɗa, ɗan'uwa, kuma ta biyun tun wajen yanka aka yi ta. Fata ba yadi ba ce. Tsakiyar baya, wajen da ƙashin gadon baya ya bi, shi ya fi tsauri, ciki da hammata kuwa sakwaf suke. Sannan ta fi miƙewa a kewayen jiki fiye da daga wuya zuwa wutsiya. Saboda haka duk abin da zai ɗauki nauyi a yanke shi a tsaye, bin gadon baya. In ka yanki gaban jaka daga gadon bayan fatar, bayanta kuma daga wajen cikin dabbar, dole ɗaya ya riga ɗaya saki. Ka ja fatar da hannu biyu kafin ka ɗora kwali, hannunka zai gaya maka.

Ɗinki kuwa ga tsarinsa. Fara da feƙe gefen: kwantar da aska ta gefen nama ka rage kaurin bakin fatar kamar faɗin santimita ɗaya, don in an haɗa biyu kada bakin ya yi tudu. Shafa gam siriri, faɗin milimita 5, a ɓangarorin biyu, ka jira minti biyar zuwa goma har sai ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa ka bubbuga. Masu gaggawa suna haɗawa da ɗanyen gam, sai fatar ta zame lokacin huda. Ja layi milimita 3 zuwa 4 daga baki. Sa alamar ramuka da tazarar milimita 4, in ba ka da ƙarfen alama, cokali mai yatsu yana yi. Huda a kan katako, basilla a tsaye cak. Karkacewar bayan nan da kake gani daga nan take: basilla ta shiga daidai ta fita a gicciye.

Auna zare ninki huɗu na tsawon ɗinkin, ka ƙara taƙi ɗaya, ka goga shi a kaki sau biyu ko uku. Sa allura a kowane ƙarshe. Matse aikin tsakanin katako biyu ka riƙe da gwiwoyinka don hannuwanka su sami 'yanci. Zura zaren a ramin farko ka daidaita tsawonsa, daga nan kowane rami allura biyu ke bi ta cikinsa, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Sirrin kawai shi ne kada ka sauya tsari: in ta dama ce ke fara shiga, ta hagu kuma ta bi ta ƙarƙashinta, haka za ka yi har ƙarshe, kuma ka ja da ƙarfi iri ɗaya. Fatar akuya ba ta son ja da yawa, tana tattarewa. In ka kai ƙarshe ka koma baya rami biyu ko uku, ka yanke, ka taɓa bakin zaren da wutar ashana. Wannan ɗinkin ya fi na keke ƙarko, domin ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe.

Bakin kuma ka goge da sanfefa, ka ɗan jiƙa, ka murza da santsin itace har ya yi zafi, sannan ka bi da kaki.

Ina son ja da baƙi irin na dukawan da, ba fentin gwangwani ba. Yaya ake haɗa su? (Mai karatu daga Damagaram)

Ja daga karan dafi yake, wato jan kuben ganyen wata irin dawa. A daka shi ya yi laushi, a jiƙa cikin ruwa da 'yar kanwa kaɗan, a tace. Fatar a ɗan jiƙa ta tukuna, busasshiya tana shan rini dabbare-dabbare. A shafa da tsumma, a bari ya sha iska, a maimaita sau biyu ko uku maimakon a labta sau ɗaya. Daga ƙarshe a bi da ruwan lemun tsami, shi ke buɗe jan ya yi haske. Hattara da kanwa: in ta yi yawa jan zai koma duhu, fuskar fatar kuma ta yi tauri ta tsage.

Baƙin shi ne kuloko, kuma a gaskiya ba rini ba ne. Ƙarfe ne ke haɗuwa da bagaruwar da ke cikin fatar su yi baƙi. Ana jiƙa kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwa mai tsami, kamar na tsamiya, mako ɗaya zuwa biyu. Kada a toshe bakin kwalbar, yana fitar da iska. In ka shafa, cikin minti kaɗan fatar za ta juye a idonka. In ta tsaya a toka-toka, bagaruwarta ce ta yi ƙaranci, sai ka shafa ruwan bagaruwa mai kauri ka maimaita. Bayan haka ka ɗauraye da ruwa, ka sa mai, don kuloko yana busar da fata. A kan fatar kamfani ba ya yin komai. Wannan kuma shi ne dalilin da jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ke yin baƙin tabo in aka ajiye mata almakashi ko rula a kai, tabon da ba ya fita da daɗi. Rawaya kuwa gangamau ke ba da ita, sai dai rana na cin ta da wuri.

Kafin ka ba kowa kayan, goge shi da farin tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi. Ba ƙaramin abin kunya ba ne walat ta rina wa mutum aljihun farar shadda ranar Juma'a.

Fatar layyarmu kullum zubarwa muke yi ko mu bayar. Zan iya jeme ta da kaina? (Mai karatu daga Katsina)

Za ka iya, amma shawararmu ka kai wa majema, kai ka tsaya a ɗinki. Jima tana da wari, tana cin ruwa, maƙwabta kuma ba za su gode maka ba. Abin da ke hannunka shi ne kada fatar ta lalace kafin ta isa can. Cikin sa'o'i kaɗan da fiɗa, kankare kitse da nama, ka shimfiɗa ta, ka zuba gishiri a gefen nama, kimanin sulusi zuwa rabin nauyin fatar, har bakin-bakinta. A inuwa za ta bushe. Wadda aka shanya a ƙasa cikin rana samanta ke ƙonewa cikinta na ruɓewa, sai an jiƙa ta a majema ta fara ɓarewa.

In ka nace, matakan ke nan. A jiƙa ta kwana ɗaya gishirin ya fita. A tsoma a ruwan toka da kanwa kwana uku zuwa biyar har gashin ya riƙa tugewa da yatsa, a kankare da kartaji, wato abin kankare fata na majema. A wanke sosai, a sa a ruwan kashin kaji ko na tattabara na 'yan sa'o'i don ta saki ta yi laushi, in ta wuce lokaci kuwa ta lalace. Sa safar hannu a waɗannan matakai biyu. Sannan bagaruwa: a daka, a fitar da 'ya'yan, a tanadi garin da ya kai kusan nauyin jiƙaƙƙiyar fatar, a jiƙa a kwatarniya ko robar wanka, ban da tukunyar ƙarfe. Ruwan farko ya zama tsararo, na biyu da na uku a ƙara kauri, ana juyawa ana murzawa. Wanda ya fara da mai kauri, waje zai jemu ya toshe, tsakiya ta zauna ɗanya, in ta bushe ta yi ƙarau kamar ganga. Yanki gefen wuya, inda ya fi kauri, ka duba: in da farin layi a tsakiya, ba ta yi ba. In ta jemu a shafa man gyaɗa tana da danshi, a shanya a inuwa, a riƙa ja ana murzawa kafin ta gama bushewa.

Da damina jakata ta yi fumfuna, da hunturu kuma ta tsattsage. (Mai karatu daga Jos)

Hajiya, fumfunar ki kakkaɓe ta a waje, ki goge da tsumman da aka tsoma a ruwan binega da ruwa rabi da rabi, ki bar ta a inuwa inda iska ke wucewa. Kada ki ajiye fata a cikin leda, tsohuwar rigar matashi ta fi. Don hunturu, narka man kaɗanya kashi uku da kakin zuma kashi ɗaya, ki shafa kaɗan da yatsa kafin sanyi ya shigo, ki bari ya kwana, ki goge. Zai ɗan ƙara mata duhu, don haka ki gwada a ƙasan jakar tukuna. Inda ya riga ya tsage ba ya haɗewa, man dai zai hana tsagar ci gaba.