Wai me ake nufi da alto?

Wata 'yar'uwa daga Billiri ta rubuto, ta ce ta shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a cocinsu, mai koyarwa ya saurare ta sau ɗaya ya ce "ke alto ce, koma can", shi ne take tambaya ko dai muryar ce ba daɗi aka rasa yadda za a faɗa mata.

Toh 'yar'uwa kwantar da hankalinki. Alto sunan zangon murya ne, wato daga inda muryarki ke farawa a ƙasa zuwa inda take tsayawa a sama ba tare da kin shaƙe ba. A kwaya kashi 4 ake yi, sofrano da alto galibi mata, teno da bes maza. Sofrano ita ce siririya, alto ta fi ta kauri, in an taɓa kibod tana kamawa ne tun daga F ɗin da ke ƙasan C ta tsakiya, F da C ɗin sunayen sautukan kibod ne.

Abin mamakin, kalmar ta Italiyanci ce, tushenta altus na Latin, ma'anarta mai tsawo ko na sama. To ya aka yi muryar mata ta ƙasa ta samu sunan sama? Wajen shekarun 1450 a cocin Turai maza ne ke waƙar, teno ke riƙe da ainihin karin, wanda ya hau samansa sai aka kira shi altus, daga baya mata suka gaji layin sunan kuma ya bi su, kin ga a ma'aunin maza aka raɗa shi.

Mu a Hausa da kauri da siranta muke auna murya, shi ya sa in an ce "ɗaga murya" ƙarfi muke ji, a buɗe maƙogwaro kawai, alhali shi mai koyarwa wataƙila sirantawa yake nufi. Nan ake yawan samun saɓani a wajen gwaji. Kuma waƙarmu ta gargajiya jagora ne da 'yan amshi, ba a raba su kashi-kashi haka, don haka ni ban ga laifin aron kalmar yadda take ba.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kar ki matsa wa maƙogwaro sai kin kamo sofrano, dishewa za ki yi. Layin alto ma ya fi wuyar riƙewa a ganina, don kunne na son bin masu siririyar murya, gara ki tsaya kusa da wata tsohuwar hannu a layinku har ki saba.