Ina son in ƙware a cututtukan fata, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni likita ne, na kammala a Jami'ar Abdou Moumouni, yanzu ina aiki a wani asibitin gunduma cikin jihar Tawa. Kullum sai na ga masu ciwon fata, kuma sau da yawa ba ni da abin ba su sai man shafawa iri ɗaya. Ina son in zurfafa karatu a fannin, amma abokai na cewa wanda ya yi nisa da Yamai ba ya jin labarin gurbi sai an rufe. Wasu kuma sun ce fannin masu son hutu ne. Yaya hanyar take, kuma me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayarka, domin jihar Tawa kaɗai, daga Ƙonni zuwa Cintabaraden, tana da aikin da ya fi ƙarfin ƙwararren da za a tura mata.

Takardar da kake nema ita ce DES, wato takardar shaidar ƙwarewa ta likitoci, a fannin cututtukan fata da waɗanda ake ɗauka ta hanyar jima'i. A tsarin ƙasashe masu aiki da Faransanci ba a raba biyun, don haka wanda ya shiga zai koyi kirci da makero, zai kuma koyi tunjere da ciwon sanyi da alamomin sida a jiki. Karatun shekara 4 ne bayan digirin likita, ana aiki a asibiti ana ɗaukar darasi, a ƙarshe a rubuta kundin bincike a kāre shi gaban malamai. Ana koyar da shi a Dakar da Abijan da Bamako da Kwatano da Lome da Wagadugu, wasu kuma sukan tafi Maroko. Kafin ka kashe ko dala, ka tabbatar takardar wurin da ka zaɓa tana cikin waɗanda CAMES ta amince da su, wato hukumar da ke Wagadugu mai daidaita digirorin jami'o'in ƙasashenmu. Wannan zai yi maka amfani ranar da za a sake maka matsayi a aikin gwamnati, ko in wata rana ka so koyarwa.

Maganar abokanka kan nisa da Yamai tana da ƙanshin gaskiya, amma tana da magani. Sanarwa kan fito da ɗan gajeren wa'adi, kuma wanda ya jira sai ta fito kafin ya fara neman takardu ya riga ya makara. Ka haɗa su tun yanzu: digirinka, sakamakon jarrabawar kowace shekara, takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, rajistarka a hukumar likitoci, tarihin aikinka, duk da kofe masu hatimi. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi ita kaɗai za ka bari sai ƙarshe, don wata 3 ake karɓarta. Ka samu amintacce ɗaya a tsangayar kiwon lafiya a Yamai wanda zai kira ka ranar da aka liƙa wani abu. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka je da ƙafarka ofishin kula da ma'aikata na ma'aikatar lafiya, ka ji shekarun aikin da ake buƙata kafin a sake ka zuwa karatu da albashinka. Kada ka tafi ba tare da wannan izini a rubuce ba. Na ga waɗanda suka tafi da alkawarin baki, suka dawo da ilimi amma matsayinsu ya tsaya cik.

Sai kuɗi. A wurare da yawa baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, kuma ba lallai a ba shi ko sisi kan aikin da yake yi a asibiti ba. Ka tambayi ANAB, wato hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, da ma'aikatarku abin da ke akwai na tallafi, ka lissafa haya da ci da sha na shekara 4, ka zauna da iyali ku yi magana tun kafin a kira sunanka.

Galibi akwai jarrabawar shiga, a wasu wuraren har da ganawa da malamai. Nan ne zamanka a gunduma zai zama jarinka, in ka iya amfani da shi. Malamin fata ba ya burgewa da wanda ya haddace sunayen cututtuka ɗari. Abin da yake saurare shi ne ko ka iya bayyana abin da idonka ya gani: tabo ne shafe ko ya taso, da ruwa ciki ko da mugunya, yana ɓarewa ko a'a, ina ya fara, yaya ya bazu, akwai ƙaiƙayi da dare, wa kuma ke susa a gidan. Saboda haka daga gobe ka buɗe littafi na musamman. Duk mai ciwon fata da ya zo, ka duba shi a hasken rana, ka duba kai da baki da farce da tafin ƙafa, ka rubuta abin da ka gani kafin ka rubuta abin da kake zato. In za ka ɗauki hoto, ka nemi izininsa, ka ɓoye fuska, kuma kada hoton ya yi yawo a wayoyin abokai. Littattafan da muka karanta cike suke da hotunan farar fata, inda kumburi ke fita ja. A jikinmu jan nan yakan koma duhu ko toka-toka, kuma wannan ido a gaban majinyaci kawai ake samunsa. Kai kana da majinyatan. Littafin nan, in ka riƙe shi shekara guda, zai iya zama maƙala ta farko da za ka kai wa wani malami ya duba maka.

Abu ɗaya nake roƙonka ka daina tun kafin ka tafi, shi ne ba kowa man nan mai haɗin magunguna da kotizon a ciki. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana sauya kamannin makero har a kasa gane shi, yana kuma siranta fata.

Batun hutu kuwa, ya taɓa ni. Gaskiya ne ba a yawan tashe mu da tsakar dare kamar masu tiyata da masu karɓar haihuwa. Amma wanda ya taɓa jinyar mutumin da fatarsa ta saɓule kamar ƙuna saboda ƙwayar da ya saya a tebur, irin su kotirimokzazol, ba zai kira wannan hutu ba. Ga kuturta, wadda har yau ake samu. Farin tabo da ba ya jin auduga in an goga, tare da jijiya mai kauri a gwiwar hannu, ya isa ya sa ka tsaya. Maganinta kyauta ne, haɗin rifampisin da dapson da kulofazimin na wata 6 ko 12, amma yatsun da suka riga suka lanƙwashe ba sa miƙewa da ƙwaya, shi ya sa gano ta da wuri ya fi kome. Ga gyambon lishmaniya, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke jawowa, da ake ta wanke wa kamar maruru wata da watanni. Ga ƙazwa da ke cinye makarantar allo ɗungurungum, wadda ba ta ƙarewa sai an yi wa kowa magani lokaci guda an wanke tufafi da shimfiɗa. Ga zabiya, waɗanda ranarmu ke jawo wa kansar fata tun suna matasa. Ga ƴan'uwanmu mata da man ƙara haske ya ɓata wa jiki, masu zuwa da kunya, waɗanda faɗa ba ya warkar da su sai haƙuri da bayani. Kuma aikin yana da sakamako: a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi, wadda ita ma fata take fara ci.

In ka samu hutun shekara, ka nemi izinin zama ko na mako biyu a sashen fata na Babban Asibitin Yamai ko a cibiyar fata da kuturta ta ƙasa. Danja, kusa da Maraɗi, ita ma wuri ce da za ka ga kuturta da yadda ake kula da gyambon ƙafa. Ka koyi kankaro fata a duba ta a madubin likita, ka ga yadda ake yanko ɗan nama don gwaji. A nan malaman da za su rubuta maka takardar shaida za su san fuskarka da aikinka. Ka tafi da littafinka, ka zaɓi majinyata biyar da suka fi ɗaure maka kai, ka ce a duba su tare da kai.