Mai karatun kimiyyar sinadarai zai iya shiga binciken anzim?

Ƙanena, ka ce kana karatun sinadarai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kana tsoron binciken gyaran anzim na masu ilimin halittu ne kaɗai. Kwantar da hankalinka, wannan fage taron dangi ake yi masa.

Anzim furotin ne mai hanzarta haɗuwar sinadarai, aikinsa kuwa ya rataya ga siffarsa. Masu fizik ke gano siffar da hasken X, kamar yadda aka gano ta wani anzim mai suna lisozim a 1965, masu kwamfuta su yi hasashen siffar, ku masu sinadarai kuma ku auna saurin aikin. Frances Arnold, wadda ta sami kyautar Nobel a 2018 kan sauya anzim ta hanyar canza kwayar halittarsa da zaɓen mafi ƙarfi, injiniyar sinadarai ce ma.

Fara da abin gida: anzim masu cire gashi wajen jimar fatar jar akuyar Maradi. A ganina ya fi ka tafi neman abin nesa.

Kuskuren da na sha gani shi ne barin samfuri cikin zafin Afirilu, anzim ya lalace, a ce gwaji ya ƙi. Kada kuma ka gaskata hasashen kwamfuta ba gwaji.

Batun noman ƙwayoyin bakteriya da ake samar da anzim da su kuwa, nemi malamin wannan fanni ya tsaya maka.